Tumatirin Gado A Ƙarƙashin Fitila

 Tsakanin ƙarshen watan Fabrairu da tsakiyar Afrilu, daidai lokacin da kwandunan tumatirin noman rani suke cika kasuwanninmu har farashi ya faɗi warwas, wasu mutane a arewacin Amurka da Kanada da Ingila suke soma nasu noman tumatir, amma a cikin ɗaki. A waje ƙasa tana daskare, itatuwa sun kaɗe ganye, raɓar dare kuwa takan zama ƙanƙara kafin asuba. Saboda haka sai su jera ƙananan tukwanen roba a kan kanta, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a wani lungu na gida, su rataya fitilun lantarki a samansu, su bi tukwanen suna shuka ƙwayar tumatir ɗaya-ɗaya. Wasu daga cikinsu dama can suna da kantar da fitilun ne saboda wani fure da suke kiwo shekara da shekaru mai suna okid, sai tumatir ya zo ya yi masa baƙuntar wata biyu. Akasarin masu wannan aiki ba manoma ba ne. Za ka tarar da malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da dattawan da suka ajiye aiki. Tumatirin da suke reno kuma ba irin wanda ake jerawa a manyan kantuna ba ne, tsohon iri ne da suka gada, ko suka karɓa daga hannun wanda ya gada.

Wanda ya ji labarin daga nesa yana iya cewa wannan ai shagala ce ta wanda cikinsa ya ƙoshi, kuma bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Sai dai wannan shagalar ce ta hana ɗaruruwan ire-iren tumatir ɓacewa daga doron ƙasa. Iri abu ne mai rai. Ƙwayar tumatir takan riƙe ƙarfinta shekara huɗu zuwa shida idan an adana ta a wuri mai sanyi marar laima, daga nan sai ta soma mutuwa a hankali. Filin gado ko zinariya suna iya zama shekara hamsin babu wanda ya waiwaye su, su kuma ci gaba da zama dukiya. Irin gado ba ya jure wannan. Sai an sami wanda zai shuka shi, ya rene shi, ya cire sabon iri ya adana, sannan yake kai wa ga jikoki. Idan aka yi sakaci na 'yan shekaru kawai, abin da aka yi ƙarni ana zaɓowa ya tafi ke nan.

Dalilin da ya sa suke farawa a ɗaki lissafin kwanaki ne. Tumatir ɗan ƙasa mai ɗumi ne. Asalinsa yammacin Amurka ta Kudu ne, wajen Peru da Ekwado, mutanen Meziko suka mayar da shi amfanin gona, sannan Sifaniyawa suka ƙetara da shi Turai a ƙarni na 16. Dare ɗaya na daskarewar raɓa ya isa ya kashe shi. A jihar Iowa ta Amurka, alal misali, ba a cika samun kwanciyar hankali game da wannan daskarewa ba sai cikin watan Mayu, kuma takan dawo a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Manyan ire-iren gado kuwa sukan ɗauki kwana 80 zuwa 90 bayan dashe kafin a tsinki na farko. Wanda ya jira ƙasa ta yi ɗumi kafin ya shuka ƙwaya zai ga sanyi ya riski gonarsa tumatir yana ɗanye shar. Mafita ita ce a saci mako shida zuwa takwas daga hannun hunturu. Mai lambu yakan duba ranar da aka saba ganin daskarewa ta ƙarshe a garinsu, ya ƙirga makonnin baya, ya shuka a ɗaki a wannan rana.

Kafin mu shiga ɗakin, ya kamata mu bambance irin gado da irin aure. Furen tumatir yana ɗauke da ɓangaren namiji da na mace a wuri guda, don haka galibi shi yake yi wa kansa barbara. Wannan ya sa tsohon iri yake haifar mai kama da shi sak, shekara bayan shekara, kyan ɗa ya gaji ubansa. Irin aure kuwa, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa, kamfani ne yake ɗaukar ƙurar furen wani iri ya sa wa wani daban. 'Ya'yan farko sukan fito da ƙarfi da yawan yabanya, kuma kansu ɗaya. Amma idan manomi ya cire iri daga jikinsu ya shuka, jikokin sai su rarrabu, wani dogo wani gajere, wani ya biyo kaka ta wajen uwa wani ta wajen uba, kamar yadda Gregor Mendel ya bayyana tun 1866 a bincikensa kan wake. Saboda haka dole manomi ya koma shago kowace shekara. Irin aure ya soma mamaye lambunan Amurka ne bayan da kamfanin Burpee ya fito da wani mai suna Big Boy a 1949.

Kowane irin gado yana tafe da tarihinsa. Akwai Brandywine, wanda sunansa ya bayyana a littattafan tallan iri na Amurka tun ƙarshen shekarun 1880, mai faffaɗan ganye kamar na dankalin Turawa, ƙwaya ɗaya tana iya kai rabin kilo. Akwai German Pink, wanda wani iyali ya taho da shi daga Bavariya ta ƙasar Jamus a ƙarni na 19. Wani dattijo daga wannan iyali ya damƙa wa jikarsa Diane Ott Whealy ƙwayoyin kafin rasuwarsa, sai ita da mijinta Kent suka lura cewa da ba su karɓa ba da irin ya bi shi kabari. Wannan tunani ne ya sa suka kafa ƙungiyar musayar iri ta Seed Savers Exchange a 1975, wadda a yau cibiyarta take garin Decorah a jihar Iowa, tana riƙe da ire-iren amfanin lambu fiye da 20,000. Akwai kuma Mortgage Lifter, ma'ana mai sauke bashin gida. Labarinsa da ya shahara shi ne wani mai gyaran lagireto a garin Logan na jihar West Virginia, M.C. Byles, wanda bai yi karatun aikin gona ba, ya yi shekaru yana haɗa manyan ire-ire huɗu har ya sami wanda ya tsaya daram. A shekarun 1940 ya riƙa sayar da kowane dashe dala ɗaya, cikin shekara shida ya biya bashin dala 6,000 da ke kan gidansa. Shi kuwa Cherokee Purple, mai launin hanta, a 1990 ne wani mutum daga jihar Tennessee ya aika wa Craig LeHoullier ƙwayoyinsa a cikin ambulan, tare da bayanin cewa daga ƙabilar Cherokee aka samo shi fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ambulan ɗaya ne ya raba shi da ɓacewa.

Me ya sa mutum zai sha wannan wahala alhali ga tumatir jibge a kanti? Amsar tana kan harshe. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce masu inganta iri suka mayar da hankali ga abin da babbar kasuwa take buƙata, wato tumatir mai taurin fata, mai jure doguwar tafiya, mai nuna lokaci guda. A jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Jack Hanna ya samar da irin da injin girbi zai iya tsinka ba tare da ya fashe ba, abokin aikinsa Coby Lorenzen ya ƙera injin, kafin ƙarshen shekarun 1960 kusan duk tumatirin gwangwani na jihar inji ne yake girbe shi. Sannan akwai wani hali da aka daɗe ana zaɓa, na tumatirin da yake yin ja bai ɗaya ba tare da koren kafaɗa a wajen hancinsa ba, domin ya fi ɗaukar idon mai saye. A 2012 wani bincike da Ann Powell ta jagoranta, wanda mujallar Science ta buga, ya nuna cewa wannan kyan gani yana da farashi. Ƙwayar halittar da ta lalace har kafaɗar ta daina yin kore ita ce take taimaka wa ɗanyen tumatir ya sarrafa hasken rana ya tara sukari. An sami jan launi, an rage zaƙi. Tsofaffin ire-ire da yawa har yau suna da koren kafaɗarsu, suna kuma da ɗanɗanonsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, yaya ake renon? Ba a ɗebo ƙasar lambu a shigo da ita ɗaki, domin tana ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma takan dunƙule a tukunya. Ana amfani da wani haɗi mai sauƙi marar nauyi da aka tsabtace musamman domin reno. Ana binne ƙwaya zurfin da bai wuce rabin santimita da ɗan ɗoriya ba, a jiƙa, a rufe da leda ko murfin roba don kada laima ta gudu. A wannan mataki ɗumi ake nema fiye da haske. Idan ƙasar ta kai digiri 24 zuwa 29 a ma'aunin Salshiyos, tsiro yakan leƙo cikin kwana biyar zuwa bakwai, shi ya sa ake shimfiɗa wata 'yar tabarmar lantarki mai ɗumi a ƙarƙashin tukwanen. Da zarar an ga kan tsiro ya fasa ƙasa, sai a cire murfin, a janye tabarmar, a kai shi ƙarƙashin fitila a ranar, ba sai gobe ba.

Wannan gaggawa tana da dalili. Tsiron da bai sami isasshen haske ba yakan ɗauka wani abu ne ya yi masa inuwa, sai ya zuba duk ƙarfinsa wajen miƙewa sama don ya tsere wa inuwar. Cikin kwana biyu ko uku sai ka gan shi dogo siriri kamar zare, fari fat, ya kasa ɗaukar kansa. Hasken taga a ƙasashen can a watan Maris ba ya isa, ga shi ta gefe ɗaya yake shigowa. Don haka ake kunna fitila awa 14 zuwa 16 a kullum, da wani ɗan agogo da yake kunnawa yana kashewa da kansa. Idan doguwar fitila ce mai kama da sanda, wadda aka daɗe ana amfani da ita, sai a sauko da ita har ta rage santimita 5 zuwa 10 tsakaninta da ganye, ana ɗaga ta sannu-sannu yayin da tsiro yake girma, domin ƙarfin haske yana raguwa da sauri da zarar an ƙara tazara. Fitilar LED mai ƙarfi kuwa ana ɗan nisanta ta kada ta ƙona ganye. Ba a barin fitila a kunne dare da rana. Tumatir na cikin tsirran da haske marar yankewa yake yi wa lahani, ganyensa ya yi ɗige-ɗigen rawaya. Shi ma yana da haƙƙin duhu.

Fitilar LED ce ta sauƙaƙa wannan sana'a ga mai ƙaramin ƙarfi. Ganye ya fi cin moriyar jan haske da shuɗi, kuma an daɗe da samun jan LED amma shuɗin ya gagara, sai a farkon shekarun 1990 wasu masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka cimma shi, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Daga shuɗin ne aka samu farin LED da muke kunnawa a gidajenmu yau. Lissafin wutar ma ba mai tayar da hankali ba ne. Fitila mai wat 40 da take ci awa 16 a rana, cikin mako takwas za ta sha abin da bai kai yunit 36 na lantarki ba, ta kuma rene dashen da zai cika ƙaramin lambu.

Yanzu mu juya ga mai masaukin baƙi. Okid babban dangi ne na furanni, nau'o'insa sun kai kimanin 28,000, har da wanda ake samun ƙamshin banila daga gare shi. Da yawansu a kan rassan itatuwan kurmi suke zama. Mai karatu zai iya tuna kauci, amma akwai bambanci: kauci yana tsotsar ruwan jikin bishiyar da ya hau, shi kuwa okid wurin zama kawai yake aro, saiwoyinsa suna reto a iska suna shan raɓa da ruwan sama. Wanda aka fi kiwo a gidaje shi ne Phalaenopsis, ɗan asalin dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, mai fure kamar malam-buɗe-littafi da yakan yi wata biyu ko uku bai zube ba. Ƙwayar irin okid kamar ƙura take, ba ta da guzurin abinci a cikinta, a daji ba ta tsirowa sai wata funfuna ta ciyar da ita. Sai a 1922 Lewis Knudson na jami'ar Cornell ya nuna yadda za a tsirar da ita a cikin kwalba da sukari da sinadarai. Duk da haka, daga ƙwaya zuwa furen farko shekaru ne. Tumatir kuwa cikin wata biyar ya tsiro, ya yi fure, ya haihu, ya soma tsufa.

Haɗa waɗannan biyu a kanta ɗaya kamar haɗa saurayi mai ci da dattijo mai ƙaramin ciki ne a akushi guda. Tumatir ɗan tsakar rana ne, duk hasken da aka ba shi zai lanƙwame. Phalaenopsis ɗan inuwar kurmi ne, abin da yake bukata bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na hasken tsakar rana ba. Idan aka sauko da fitila yadda tumatir yake so, ganyen okid sai ya yi rawaya ko ja-ja, har ya ƙone. Idan aka ɗaga ta yadda okid yake so, tumatir ya zama zare. Masu gwaninta ba sa neman tsaka-tsaki, domin tsaka-tsakin yakan cuci duka biyun. Abin da suke yi shi ne su bar fitilar a inda take, su ɗora tukwanen tumatir a kan bulo ko akwati har su kusanci fitilar a tsakiya inda haske ya fi ƙarfi, okid kuma ya zauna ƙasa-ƙasa ko a gefe inda hasken ya yi laushi. Okid mai son haske sosai, irin su Cattleya, shi ake iya matso da shi kusa. Tsawon sa'o'in ma da bambanci, domin okid ya wadatu da awa 12 zuwa 14, saboda haka wanda yake da kanta mai hawa biyu yakan ware wa kowane hawa agogonsa. Ganye ne alƙali a wannan shari'a: idan na okid ya yi kore mai duhu sosai kuma ya ƙi fure, haske ya yi masa kaɗan; idan tazarar da ke tsakanin ganyen tumatir ta soma tsawo, a matsar da shi sama.

Haka abin yake a wajen ruwa. Tsiron tumatir yana son ƙasarsa ta kasance da danshi kullum ba tare da ta yi caɓi ba, kuma an fi so a zuba ruwan a farantin da ke ƙarƙashi ya tsotsa ta ƙasa. Okid kuwa a cikin gutsattsarin ɓawon itace ake dasa shi, a jiƙa shi sosai kamar sau ɗaya a mako, a bar shi ya tsane. Wanda ya shayar da su da hannu ɗaya zai ruɓar da saiwar okid. Laimar iska da okid yake so kuma ita ce take gayyato cutar da ta fi kashe jariran tumatir, wata funfuna da take cin gindin tsiro daidai bakin ƙasa, a kwana lafiya a wayi gari duk sun kwanta. A nan ne aka sami abu ɗaya da ya dace da su duka, wato ƙaramar fanka mai kaɗawa a hankali. Iska mai motsi tana busar da saman ƙasa, tana hana ruwa kwanciya a tsakiyar ganyen okid, tana kuma sa karan tumatir ya yi kauri, domin tsiron da ake girgizawa yakan rage tsawo ya ƙara ƙwari.

Babban haɗarin wannan maƙwabtaka shi ne cuta, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Tumatir yana janyo farin ƙuda da darɓa da wasu sirara-siraran ƙwari masu tsotsar ganye, kuma a ɗaki mai ɗumi babu tsuntsu ko wani maƙiyi da zai rage su. Waɗannan siraran suna ɗaukar ƙwayar bairos daga wani tsiro zuwa wani, kuma akwai bairos da suke kama tumatir su kuma kama okid. Ɗaya daga cikin manyan cututtukan okid ma ɗan'uwa ne na kusa ga bairos ɗin ganyen taba, wanda yake addabar tumatir, kuma irin wannan dangi a hannu da wuƙa da almakashi yake yawo. Shi ya sa mai shan taba yake wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa tsiro, ake ƙona bakin almakashi da wuta tsakanin tukunya da tukunya, ake kuma killace duk sabon tsiron da aka sayo na wasu makonni. Asarar ba ɗaya ba ce. Tumatirin da ya kamu, asarar mako shida ce. Okid da ya kamu da bairos ba shi da magani, kuma mai yiwuwa shekara goma ake tare da shi. Rigakafi ya fi magani.

Idan tsiro ya fitar da ganyen gaskiya biyu ko huɗu, sai a mayar da shi tukunya mafi girma, a binne karan har kusa da ganyen ƙasa, domin karan tumatir yana fitar da saiwa a duk inda ƙasa ta taɓa shi. Sai mataki na ƙarshe, wanda a nan ne masu gaggawa suke yin asara. Tsiron da ya tashi a ƙarƙashin fitila bai san zafin rana ba, bai san iska ba. Idan aka fitar da shi kai-tsaye, wuni ɗaya ya isa ganyensa ya yi fari ya bushe. Don haka ake yaye shi a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma, yau awa ɗaya a inuwa, gobe awa biyu, jibi a ɗan nuna masa hantsi, har ya iya kwana a waje. Ba a dasa shi a lambu sai sanyin dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10. Daga nan kanta ta koma hannun okid shi kaɗai sai baɗi.

Kada a ɗauka irin gado ba shi da aibu. Yabanyarsa ba ta kai ta irin aure ba. Fatarsa siririya ce, yakan tsage idan ruwa ya yi yawa, ba ya jure kwando balle doguwar tafiya a mota, kuma da yawansa cututtukan ƙasa suna kayar da shi cikin sauƙi. Duniya ba za ta ƙoshi da Brandywine ba, masu renonsa ma sun san haka. Amfaninsa yana wani wuri. Kowane tsohon iri, da kowane tumatirin daji, rumbu ne na halaye da ba a san ranar da za a nemi ɗaya daga cikinsu ba. Juriyar cutar da take sa tumatir yaushi daga saiwa, wadda ake kira Fusarium, daga wani ƙanƙanin tumatirin daji na ƙasar Peru aka samo ta aka shigar da ita cikin ire-iren zamani. Masanin nan Charles Rick ya shafe shekaru yana yawo a tsaunukan Andes da tsibiran Galapagos yana tattara irin waɗannan, kuma ma'ajiyar da ke ɗauke da sunansa a Davis har yau masu bincike suna ɗiba daga cikinta.

Manyan ma'ajiyoyin iri na duniya ma ba su tsira daga wannan doka ta shuka da sabuntawa ba. A lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, wasu ma'aikatan cibiyar da Nikolai Vavilov ya gina sun mutu da yunwa a tsakiyar buhunan shinkafa da gyaɗa da dankali, suka ƙi taɓa irin da aka ba su amana. A 2008 aka buɗe rumbun iri na Svalbard a cikin wani dutse mai ƙanƙara a arewacin ƙasar Norway, kuma iri daga cibiyar IITA ta Ibadan yana cikin na farko da suka isa can. Da yaƙin Siriya ya raba cibiyar ICARDA da ma'ajiyarta ta Aleppo, a 2015 ta karɓo ajiyarta daga Svalbard, ta shuka a Lebanon da Maroko, ta girbe, ta mayar da sabo. Ko a cikin ƙanƙara aka ɓoye iri, wata rana sai ya koma ƙasa. Abin da waɗannan cibiyoyi suke yi da miliyoyin daloli, shi ne malamin makarantar nan yake yi da fitila ɗaya da tukwane ashirin.

Ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu a ciki yake tsundum, domin tarihin da muka bayar ya iso har fadamunmu. Roma, wanda ya cika lambunan Kadawa da Kura da Ɗanja, ma'aikatar gona ta Amurka ce ta fito da shi a 1955, kuma harufan VF da ake liƙa masa alama ce ta juriyar cututtuka biyu, ɗaya daga ciki ita ce waccan da aka samo maganinta a dajin Peru. UC82 kuwa daga jami'ar nan ta Davis ya fito a shekarun 1970, an tsara shi ne domin inji da gwangwani. Taurin da ya sa yake jure injin Kalifoniya shi ne yake sa ya jure tafiya daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Babu mai hankalin da zai ce manominmu ya watsar da su, ko ya guji irin aure mai yawan yabanya. Haka kuma babu hikima a ce mu sayi fitilar reno a ƙasar da rana take fitowa kusan awa 12 kowace rana, wutar lantarki kuwa sai an ga dama. Abokin gabarsu sanyi ne, namu zafi ne. Idan rana ta haura digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, furen tumatir zubewa yake yi bai ƙulla ba, shi ya sa yake araha da hunturu ya yi tsada da bazara da damina. Brandywine da za a kawo Kano a watan Afrilu ganye kawai zai tara.

Abin ɗauka shi ne ɗabi'ar. Mu ma muna da namu gadon: ƙananan tumatir masu tsaga-tsaga da ɗan tsami da suke fitowa a bayan gida da damina ba tare da feshi ba, da gauta da yalo, da kuɓewa iri-iri, da dawa kaura da farafara, da maiwa, da wake kanannado. Waɗannan sun yi shekaru aru-aru suna gwagwarmaya da zafinmu da farinmu da ƙwarinmu, kuma wanda ya kasa tuni ya faɗi. A shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, mun ga yadda annoba ɗaya take iya share yanki guda cikin makonni. Tsohon iri bai tsira daga wannan tsutsa ba, amma duk ranar da masana za su nemi tumatir mai jure zafin Afrilu ko ruwan Agusta, a cikin irin waɗannan za su fara dubawa, idan sun tarar da su. Galibinsu a hannun tsofaffin mata suke, a ƙulle a tsumma ko a cikin ƙwarya a rataye, babu suna a rubuce, babu wanda ya tambaya.

Aikin ba mai tsada ba ne. A zaɓi tumatirin da ya nuna sosai daga uwar da ta fi lafiya, a matse 'ya'yan da ruwansu a kofi, a bar su kwana biyu zuwa uku su yi tsami har santsin da ya lulluɓe su ya narke, a wanke, a zubar da waɗanda suka taso sama, a shanya na ƙasan a inuwa, a zuba a takarda a rubuta sunan iri da garin da aka samo shi da shekara. Manomin da yake da kadada guda zai iya ware fangali ɗaya domin irin gidansu. Makarantun sakandare masu darasin aikin gona za su iya tura ɗalibai su karɓo iri daga kakanninsu, su shuka a lambun makaranta, su yi musaya da wata makarantar. Cibiyoyin bincike irin na Samaru da na Ibadan kuwa a ƙauye ya kamata a riƙa ganinsu suna tattarawa tun masu riƙe da irin suna raye.

Mutanen can suna sayen haske da kuɗinsu, suna lissafin santimita tsakanin ganye da fitila, suna raba kanta tsakanin fure da tumatir, duk don kada irin kakanninsu ya yanke a hannunsu. Mu da aka ba rana kyauta, abin da ya rage mana kawai shi ne mu je mu tambayi tsohuwar gidanmu abin da ke cikin ƙullin nan nata, mu karɓa, mu shuka bana.